Darasi: Gudun safe ga wanda ransa ba ya so

A ƙauyukan El Alasan Mairairai, kamar sauran ƙasar Mayahi da Tasawa, shekara kashi biyu take ga jikin mutum. Daga saukar ruwan shuka, wajen watan Yuni, har a ɗaure gero a kai rumbu, babu wanda ke buƙatar a ce masa ya motsa jiki. Shuka, noman fari, maimai, girbi da jidar damma sun ishe shi. Daga nan rani ya shigo, wata bakwai ko fiye. Wasu su tafi ci-rani, wasu su bi dabbobi, na kusa da Gulbin Kaba su kama yankan kaba da saƙar tabarma da tufkar igiya. Amma mutane da yawa zama suke yi: gindin bishiya da hantsi, bakin shago da la'asar, fada da dare ana dafa shayi. Akwai kuma waɗanda zamansu bai san damina ko rani ba, irin su tela, mai shago, malamin makaranta, ma'aikacin ofishin magajin gari, da ɗan kabu-kabu wanda ko masallacin Juma'a a kan babur yake zuwa.

Wannan darasi nasu ne, musamman wanda ya san ya kamata ya motsa amma ransa ba ya so. Makiyayin da ke wuni bayan garke ba ya ciki. Haka matar da ke jan ruwa a rijiya mai zurfi, ta yi daka, ta ɗauko itace daga daji. Jikinsu ya riga ya biya abin da ake nema har da ƙari. Hutu da abinci mai gina jiki suke buƙata, kuma zalunci ne a ce su ƙara da gudu.

Abin da zama ke yi wa jiki

A shekarar 1953 wani likita a Ingila mai suna Jeremy Morris ya fitar da sakamakon binciken da ya yi a kan ma'aikatan motocin bas na birnin Landan. Motocin masu hawa biyu ne. Direba yana wuni a zaune, kwandasta kuwa yana hawa yana sauka a matakala yana karɓar kuɗi. Garinsu ɗaya, motarsu ɗaya, amma Morris ya tarar ciwon zuciya ya fi kama direbobi, kuma ya fi saurin kashe su. Tun daga lokacin likitoci suka fara lissafa zama wuri ɗaya cikin abubuwan da ke jawo cuta.

Dalilin ba shi da wuyar ganewa. Zuciya tsoka ce, kuma tsoka aiki ke ƙara mata ƙarfi. Zuciyar da ta saba aiki tana tura jini mai yawa a bugu ɗaya, saboda haka ba ta buƙatar yawan bugawa. Hanyoyin jini suna saki, ƙarfin hawan jini yana sauka. Tsokar cinya da ta sha-raɓa, in suna aiki, suna zuƙe sukarin da ke yawo cikin jini su ƙone shi. In kuwa aka zauna, aka ci tuwo da miya mai gishiri da dunƙule, aka bi da shayi kofi uku mai sukari, babu inda abin zai tafi. Hawan jini mugun baƙo ne, don sau da yawa ba ya sallama. Mutum zai yi shekaru awonsa yana kan 140 bisa 90 ko sama da haka bai ji komai ba, sai ranar da ɓarin jikinsa ya shanye.

Hukumar Lafiya ta Duniya, cikin shawarar da ta fitar a 2020, ta ce baligi ya samu minti 150 zuwa 300 a mako na motsi matsakaici, irin tafiya da sauri, ko minti 75 zuwa 150 na motsi mai ƙarfi, irin gudu. Wanda bai saba ba yakan ji adadin ya yi masa yawa. To ga wani abin da zai kwantar masa da hankali. A 2014 an buga wani bincike a Amurka wanda ya bi mutum fiye da 55,000 har kimanin shekara 15. An tarar mutuwa ta yi ƙasa da kusan kashi 30 cikin 100 a tsakanin masu gudu, in an gwada su da waɗanda ba sa yi, kuma har masu gudun minti 5 zuwa 10 a rana, a hankali, sun samu wannan riba. A ganina wannan shi ne adadin da mai jin nauyin farawa ya kamata ya riƙe. Kaɗan ɗin da yake rainawa yana da amfani.

Idon mutane

In aka tambayi magidanci me ya hana shi gudu, zai ce gwiwa, ko rashin lokaci, ko rashin takalmi. In aka zauna da shi sosai, sai ainihin dalilin ya fito: kunya. A ƙauye babba ba ya gudu sai da dalili. Ko gobara, ko ɓarawo, ko dabba ta tsinke, ko wani ya faɗa rijiya. Wanda aka gani yana gudu da sassafe, dole a tsaya a tambaye shi lafiya. Wannan ba ƙauyanci ba ne, kulawa ce, kuma ita ce ke sa in gidan mutum ya kama wuta gari duka ya zo da tulu. Saboda haka kada mai farawa ya ji haushin masu tambaya. Ya shirya amsarsa tun daga gida, gajera, mai ladabi. Ku karanta wannan hira tsakanin wani tela da kawunsa, bayan an fito sallar asuba:

"Kai ɗana, lafiya kuwa? Jiya na hango ka bayan gari kana gudu. Na ce ko akuya ta ɓace maka."

"Lafiya lau, Kawu, babu abin da ya ɓace. Likita ne ya auna ni ya ce jinina ya fara hawa. Ya ce in rage gishiri, in riƙa motsa jiki."

"To gona ba ta ishe ka motsi ba?"

"Kawu, tun kaka ban riƙe hauya ba. Daga safe har magariba ina kan keken ɗinki."

"Magidanci da 'ya'ya yana gudu a daji? Mutane za su yi magana."

"Za su yi, Kawu. Amma gara su yi maganar ina tsaye da su zo gaishe ni ina kwance."

"Haka ne. To Allah ya ba da lafiya. Sai dai ka riƙa bi ta hanyar gonaki, kada ka ratsa ƙofar gidan surukanka."

"In Allah ya yarda, Kawu. Na gode."

Ku lura da abu biyu. Telan bai yi gardama ba, bai nuna wa kawunsa ya fi shi sani ba. Ya ambaci likita, ya ambaci sana'arsa. Kawun kuma bai hana ba, hanya ya gyara masa. Shawararsa daidai take: a fita gari da tafiya irin ta kowa, a gaisa da wanda aka haɗu da shi, sai an wuce gidajen ƙarshe a fara sassarfa. Maganar mutane kuwa ba ta daɗewa. Abin da aka gani sau ɗaya labari ne, abin da ake gani kullum an daina kallonsa.

Kuma gudun ba baƙon abu ba ne a ƙasarmu. Ɗan kokowar da ke shirin shiga fili yana gudu da asuba, babu mai ce masa komai, don an san abin da yake nema. Jihar Maraɗi ta san darajar wannan shiri: Yakuba Ango, wanda aka fi sani da Kantu, shi ya ɗauki takobin farko na kokowar ƙasa a Tawa a 1975, kuma sunansa filin kokowar Maraɗi ke ɗauke da shi. Soja yana gudu, 'yan ƙwallo suna gudu. Abdou Manzo ya wakilci Nijar a gudun fanfalaki, mai tsawon kilomita 42 da mita 195, a wasannin Olamfik na 1988 da 1992 da 1996. Wanda ke tsoron ko abin ya saɓa wa kamala ta addini, ya tambayi malaminsa: Abu Dawuda ya ruwaito cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya yi tsere da Nana A'isha sau biyu, ta wuce shi a na farko, ya wuce ta a na biyu.

Kafin ranar farko

A fara da gidan likita mafi kusa, a auna hawan jini. Awon ba ya cin lokaci, ba ya ciwo. Wanda ya haura shekara 40 kuma ya daɗe bai yi aikin ƙarfi ba, da wanda aka taɓa ce masa yana da hawan jini ko ciwon sukari ko ciwon zuciya ko asma, da mai amosanin jini, da mai ciki, da mai jego, duk su faɗa wa ma'aikacin lafiya niyyarsu, su ji abin da zai ce. In ya tura mutum babban asibitin Mayahi ko na Tasawa, a je. Wanda ke shan maganin hawan jini kada ya ajiye shi don ya fara gudu. Gudu yana taimakon magani, ba ya maye gurbinsa sai likita ya ce. Mai zazzaɓi kuwa, ko wanda bai daɗe da tashi daga zazzaɓin cizon sauro ba, ya jira sai ƙarfinsa ya dawo.

Akwai alamun da ba a jayayya da su. Ciwo ko nauyi a ƙirji, musamman in yana sauka hannun hagu ko haɓa. Jiri ko duhun ido. Numfashin da ya ƙi dawowa bayan an tsaya. Bugun zuciya da ya rikice. Duk wanda ya ji ɗaya daga cikinsu ya tsaya nan take, ya nemi wanda zai kai shi likita a ranar.

Yadda ake farawa

Kuskuren da ya fi kashe niyya shi ne cika gudu a ranar farko. Mutum ya tuna ƙuruciyarsa, ya zabura da ƙarfi, kafin ya kai gonar farko ƙirjinsa na zafi, bakinsa ya bushe. Washegari cinyoyi su ƙi lanƙwasuwa ko a ruku'u. Daga nan ya yanke hukunci cewa gudu ba nasa ba ne. Wanda ya taɓa horon sa don jan amalanke ya san ba a yi masa lodin damma ranar farko. Amalanke wofi ake ɗaura masa, a zagaya da shi kaɗan, a kwance shi tun bai gaji ba, don gobe ya yarda a sake ɗaura masa. Jikin babba haka yake so. Zuciya da huhu suna sabawa cikin 'yan makonni, amma agara da gwiwa da ƙashi sun fi jinkiri, shi ya sa mutum kan ji numfashinsa ya isa alhali ƙafarsa ba ta shirya ba.

A 1996 wani Ba'amurke mai suna Josh Clark ya tsara wani shiri na mako tara don waɗanda ba su taɓa gudu ba, kuma hukumar lafiya ta Ingila ta ɗauke shi tana koya wa jama'a. Sau uku ake fita a mako, da ranar hutu a tsakani, misali Asabar, Litinin da Laraba. Kowace fita ana buɗe ta da tafiyar minti 5 mai ɗan sauri, a rufe ta da irinta. A makon farko, gudun minti 1 ne, sai tafiyar minti 1 da rabi, a maimaita sau 8. Duka gudun ranar minti 8 ke nan, a gutsure. A mako na biyu gudun ya zama minti 1 da rabi, tafiyar minti 2. A na uku a fara gwada minti 3 a jere. Haka ake ƙarawa har a mako na tara mutum ya iya minti 30 bai tsaya ba.

Mako tara ɗin ba wajibi ba ne. Wanda mako ya yi wa nauyi ya maimaita shi, sau biyu ko sau uku, babu wanda ke binsa bashi. Mai jiki da nauyi, ko wanda ya haura 50, ya yi mako biyu ko uku na farko yana tafiya da sauri kawai. In ma ya ga tafiyar ce ta dace da gwiwarsa ya tsaya a kanta, ya samu mafi yawan ribar.

Agogon wayar salula ya isa awo. In babu, a ƙirga takun ƙafar dama: wajen 75 sun kusa minti ɗaya na sassarfa. Wasu sun fi jin daɗin awo da itatuwa, daga wannan gawo zuwa wancan gudu, daga can zuwa aduwa tafiya.

Saurin fa? Ga ma'aunin da ba ya buƙatar na'ura. In kana gudu ka haɗu da mutum ya gaishe ka, ka iya amsa masa ina kwana, ina gajiya, yaya iyali, duka ba tare da numfashinka ya yanke ba, to saurinka daidai ne. In ba ka iya fitar da fiye da kalma biyu, ka rage. Mai farawa zai ji kamar bai yi komai ba, har ya ji kunyar irin wannan sassarfa. Ya daure. Taku gajere, ƙafa na sauka ƙarƙashin jiki, kafaɗa a sake, ido a kan ƙasa 'yan taku a gaba. Ya koma gida yana jin da saura a jikinsa.

Rairayi, ƙaya da takalmi

Ƙasarmu rairayi ce, kuma wannan yana canza lissafi. Wasu masana a Beljiyam sun auna a 1998, suka tarar gudu cikin yashi yana cin ƙarfi ninki 1.6 na gudu a ƙasa mai tauri, tafiya kuwa fiye da ninki biyu. Ma'ana, minti 1 cikin rairayi mai zurfi ya fi minti 1 a kan hanya wahala nesa ba kusa ba. Rairayi yana da sauƙi ga gwiwa, amma yana gajiyar da sha-raɓa da agara, kuma ƙafa na iya gurɗewa a cikinsa. Mai farawa ya nemi inda ƙasa ta daddale: faƙo, gefen hanyar amalanke, hanyar jar ƙasa in akwai, ko filin ƙwallon makaranta kafin yara su zo. Rairayi mai zurfi a bar shi sai ƙafa ta yi ƙwari.

Abebe Bikila na Habasha ya lashe gudun fanfalaki a birnin Rum a 1960 ba takalmi, amma a kan titi ya yi, kuma ƙafarsa ta daɗe da sabawa. Mu a nan ƙarangiya da tsidau da ƙayar aduwa na jira, ga tushen kara mai kaifi da ke rage a gona bayan girbi. Silifa ba ta riƙe ƙafa. Takalmin kambas na gwanjo ya wadatar, in dai ya rufe ƙafa, bai matse yatsu ba, kuma akwai faɗin babban yatsan hannu tsakanin yatsan ƙafa da bakin takalmin. A sa safa. A kakkaɓe takalmi kafin a zura ƙafa, saboda kunama. Mai ciwon sukari ya duba tafin ƙafarsa da tsakanin yatsu bayan kowace fita, don ƙaramin rauni a ƙafarsa yana iya zama babba bai ji ba. Tufafi kuwa, wando mai sauƙi da riga marar nauyi sun isa, ba sai an sayi na 'yan wasa ba.

A jira gari ya waye har a iya ganin ƙasa. A nan rana na fitowa tsakanin ƙarfe 6 da ƙarfe 7, gwargwadon lokacin shekara, kuma hasken da ke gabanta ya isa. Kububuwa launin ƙasa gare ta, ba a ganinta cikin duhu. In kare ya biyo ka, ka tsaya ka fuskance shi, ka ja da baya a hankali. Gudu ƙara masa zafi yake yi. A faɗa wa mutanen gida hanyar da za a bi, kuma kada a yi nisa da gari.

Lokacin farawa da lokacin ragewa

Da sanyin safiya ake kama fara. Lokacin da ya fi dacewa a fara shi ne bayan girbi, daga ƙarshen Oktoba zuwa Nuwamba: akwai hatsi a rumbu, jiki bai daɗe da barin gona ba, zafi ya sauka. Wanda ya fara a lokacin, kafin bazara ta zo ya riga ya saba. Zai kuma ga amfanin abin a makon farko na noma, lokacin da waɗanda suka yi rani a zaune ke kukan baya da ƙugu.

Da hunturu, sanyi yana sa tsoka ta ɗaure, don haka a tsawaita tafiyar farko. Ranar da ƙura ta rufe gari har ba a hango itatuwa, a zauna gida, musamman mai asma ko tari. Da bazara, Maris zuwa Mayu, zafin rana na wuce digiri 40. A fita da wuri, a dawo kafin hantsi, a rage tsawon gudu. A sha ruwa kofi ɗaya ko biyu kafin fita, a sake sha bayan an dawo. Fitsari shi ne shaida: in ya yi ja kuma kaɗan ne, ruwa bai isa ba. Ciwon kai mai tsanani, amai ko ruɗewa cikin zafi alamun haɗari ne. A kai mutum inuwa, a jiƙa masa jiki, a nemi likita. Da damina, manomi ya ajiye gudu ya kama gona, aikin ya maye gurbinsa. Da azumi kuma kada a yi gudun safe, don ba za a iya mayar da ruwan da aka zubar ba sai magariba. Tafiya a hankali dab da shan ruwa, ko bayan an sha ruwa abinci ya faɗa, ta isa riƙe sabo har salla.

Ba a gudu da ciki cike da ɗumame. Ruwa, ko koko kaɗan, ya isa kafin fita. Kalaci sai an dawo.

Ranar da rai ya ƙi

Za ta zo, kuma ba sau ɗaya ba. Mutane da yawa suna jira sai sun ji sha'awa kafin su fita, alhali sha'awar bayan an saba take zuwa. Wasu masu bincike a Landan, ƙarƙashin Phillippa Lally, sun bi mutum 96 da ke ƙoƙarin kafa sabuwar al'ada, suka buga sakamakon a 2009. Tsaka-tsakin lokacin da abu ke ɗauka kafin ya zama jiki shi ne kwana 66, wasu 18, wasu har 254. Sun kuma tarar tsallake rana ɗaya ba ya rushe abin da aka gina. Saboda haka wanda ya yi mako uku yana jin har yanzu dole yake yi wa kansa, babu abin da ya same shi. Lokacinsa ne bai cika ba.

Mu muna da wata dama da mutanen wasu ƙasashe ke wahalar nema: mun riga mun tashi. Abin da ya fi wuya a gudun safe shi ne rabuwa da shimfiɗa, kuma sallar asuba ta riga ta raba mu da ita. Abin da ya rage shi ne kada a koma. A ajiye takalmi da safa kusa da buta tun da dare. In an idar da salla da azkar, a sa takalmi kafin a zauna ko'ina. Wanda ya ce bari in ɗan kishingiɗa tukuna, ranar ta tafi.

Safiya kuma tun dare ake gyara ta. Shayin fada na ƙarfe 11 yana hana barci, kuma baligi na buƙatar awa 7 ko fiye. Ba na cewa a bar fada, don zumunci ma lafiya ne. A sha na farko, a bar na biyu da na uku, a yi sallama da wuri a daren da za a fita.

Aboki yana da amfani fiye da kowace dabara. Kunyar nan da ke hana mutum fita, in akwai wanda ke jiransa a bakin gari, ita ce za ta fitar da shi. Mutum biyu kuma ba a yi musu kallon da ake yi wa mutum ɗaya. A zaɓi wanda ƙarfinku ya zo ɗaya, don wanda ya fi ka zai ja ka zuwa saurin da ba naka ba. In rai ya ƙi ƙwarai, ka yi wa kanka alkawarin tafiyar minti 5 kawai, zuwa bayan gari. In ka isa kana jin ba za ka iya ba, ka dawo, an rubuta maka ranar. Yawanci in an isa can ƙafa takan ci gaba.

A bambanta ciwo biyu. Tsamin jiki da ke zuwa kwana ɗaya zuwa uku bayan gudu, a cinyoyi biyu daidai, yana wucewa da kansa, tafiya ma tana rage shi. Ciwon da ke wuri ɗaya, a gwiwa ko ƙauri ko agara, mai ƙaruwa in ana gudu ko mai sa ɗingishi, hutu yake nema. In ya wuce mako bai sauka ba, ko wurin ya kumbura, a nuna wa likita.

Ga mata

Akwai matan da aikinsu na zama ne: mai ɗinki, mai saƙa, malamar makaranta, mai sana'ar cikin gida, uwar da 'ya'ya da surukai suka karɓe wa daka da rijiya. Hawan jini da ciwon sukari ba sa tambayar namiji ko mace. Idon mutane kuwa ya fi nauyi a kansu, kuma ba gaskiya ba ne a ce musu su yi kamar babu shi. Hanyar da ta fi sauƙi ita ce a haɗu uku ko huɗu, da sanin maigida, a yi tafiya mai sauri a tsakar gida mai faɗi ko harabar makaranta in hukumarta ta yarda, cikin sutura mai sauƙi wadda ba ta harɗe ƙafa. Ma'aunin gaisuwar nan yana aiki a nan ma. Ina roƙon mazajen da ke wannan aji su sauƙaƙa wa iyalinsu wannan, har su raka su in ya yiwu.

Aikin aji

Ku ɗora yatsu biyu a wuyan hannu, ƙasan babban yatsa, ku ƙirga bugun jini na daƙiƙa 15, ku ninka sau 4. Na baligi mai hutawa yakan kasance tsakanin 60 da 100 a minti. Ku rubuta naku da kwanan wata, ku sake aunawa bayan mako tara.

Tela yana tafiya da sauri minti 30 a rana, kwana 4 a mako. Minti nawa ya rage masa ya cika 150?

A makon farko ana gudun minti 1 da tafiyar minti 1 da rabi sau 8, da tafiyar minti 5 a farko da minti 5 a ƙarshe. Minti nawa fitar ke ci gaba ɗaya?

Ku kasu biyu-biyu ku maimaita hirar tela da kawunsa, amma wannan karon mace ce ke bayyana wa uwar mijinta dalilin fitarta. Wace amsa za ta ba ta, kuma da wane lafazi?

Kowa ya zana hanyar da zai bi daga ƙofar gidansa, ya nuna inda ƙasa ke da tauri da inda rairayi ke da zurfi. A ƙarƙashin zanen ya rubuta ranaku uku na mako da ya zaɓa, da sunan wanda zai jira shi.